Tambayi likita: tiramol, shisha da 'yar da aka kama da kodin

Tambaya: Salam likita, ni ɗan acaɓa ne shekarata 22, ina shan tiramol ne don ƙarfin aiki kawai ba don maye ba, amma yanzu ranar da ban sha ba sai ciwon jiki da hamma da zawo, ko bacci ba na iyawa. Me ke damuna?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanina. Jikinka ne ya riga ya saba da ita, shi ya sa yake maka bore in babu. Tiramol dangin su kodin ce, kuma zancen "ƙarfin aiki" ɗin nan kusan kowa da shi yake farawa, alhali ba ƙarfi take ƙarawa ba, gajiyar kawai take ɓoye maka. Ta asibiti mai miligiram 50 ce ko 100, kuma ko mara lafiya ba a ba shi sama da 400 a rana, amma wadda ake sayarwa a tasha har mai 225 akwai, ka ga biyu kacal ka zarce ƙa'ida, daga nan jijjiga irin ta farfaɗiya na iya kama ka kana tsakiyar titi da fasinja a baya. Kar ka yanke lokaci guda, ka zo asibiti a riƙa rage maka sannu a hankali. Kuma don Allah kar ka haɗa ta da ƙwayoyin sa bacci irin su roci ko diyazafam, numfashi na iya tsayawa.

Tambaya: Wai gaskiya ne ruwan shisha yana tace dattin hayaƙin?

Amsa: Ba gaskiya ba ne. Sanyaya shi kawai yake yi, nikotin na nan, ga gubar gawayi a kai.

Tambaya: Likita na tsinci kwalaben kodin a ƙarƙashin gadon 'yata, shekararta 17. Babanta ya ce gidan mari zai kai ta kafin dangi su ji.

Amsa: Hajiya Allah ya ba da haƙuri, amma ki roƙi Alhaji ya janye maganar nan. Sasari da bulala ba sa magani, mun ga halin da aka fito da mutane sama da 300 daga irin gidan nan a Rigasa ta Kaduna a 2019. Ba ku kaɗai ba ne kuma, binciken Majalisar Ɗinkin Duniya na 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 ke ta'ammali da miyagun ƙwayoyi a Najeriya, ɗaya cikin huɗu mace ce, ɓoyewa kawai muke yi saboda maganar aure. Ki zaunar da ita ku biyu ba faɗa, ki ji yaushe ta fara, wa ke kawo mata tunda an hana sayar da shi ba tare da takardar likita ba tun 2018, kuma meye ke cin ranta, don sau da yawa akwai damuwa a ƙasa. Sai ku kai ta wajen likitan ƙwaƙwalwa, akwai Dawanau a Kano, Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, kuma zuwa can ba ya nufin ta haukace. Ki tafi da kwalba ɗaya likitan ya gani.