Hukuncin karɓar kuɗi daga kamfanonin da ke janye hayaƙin kabon daga iska

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ni ne sakataren ƙungiyar manoman shinkafa ta garinmu. Wani sabon kamfani ya zo yana so mu riƙa ba shi buntun shinkafa, ya mayar da shi gawayi, mu zuba a gonakinmu kamar taki, kuma ya biya mu. Da muka tambayi inda ribarsa take, sai aka ce manyan kamfanonin ƙasashen waje ke biyansa saboda ya rage hayaƙin kabon a iska. Wasu dattawanmu sun ce wannan sayar da iska ne, kuɗin ba halal ba ne. Sun kuma kawo takarda ta shekaru masu yawa mu sa hannu. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Dattawanku sun yi gaskiya cewa iska ba mallakin kowa ba ce, kuma ba a sayar da abin da ba a mallaka ba. Sai dai a nan ba iska ake sayarwa ba. Ba a yanke wa abu hukunci sai an san yadda yake, don haka mu fara da nan.

Shinkafa tana girma ne tana zuƙar kabon daga iska. Idan aka bar buntu ya ruɓe ko aka cinna masa wuta, kabon ɗin ya koma sama. Idan kuwa aka gasa shi cikin tanderun da iska ba ta shiga sosai, sai ya zama gawayin da ke daɗewa cikin ƙasa shekaru ɗaruruwa. Haka kamfanin NetZero ke yi da ɓawon kofi a Nkongsamba ta Kamaru. Mati Carbon kuma garin baƙin dutse mai janye kabon daga iska yake watsa wa ƙananan manoma a gonakinsu a Indiya, har ya ci kyautar dala miliyan 50 a gasar janye kabon ta XPRIZE a 2025. A Kenya, Octavia Carbon injuna yake ƙerawa masu tace iskar kai tsaye. Duk wanda ya cire tan ɗaya na kabon daga iska, aka tantance, sai a rubuta masa takardar shaida, ita ce yake sayarwa.

Ashe ke nan aiki ake biya, aikin kawar da cutar da ta shafi kowa. Mai kwashe shara a kasuwa ana biyansa, ba don sharar tana da daraja ba, sai don ya ɗauke ta. Annabi (SAW) ya ce kawar da abu mai cutarwa daga hanya sadaka ce, kuma kasancewar aiki na lada bai hana a karɓi ladan hannu a kansa ba. Malamanmu suna kiran irin wannan ƙulli jinga, wato mutum ya ce wanda ya yi mini kaza yana da kaza, da hujjar faɗin Allah a Suratu Yusuf, aya ta 72, cewa wanda ya zo da mudun sarki yana da kayan raƙumi guda. Ibn Abi Zaid ya kawo haƙar rijiya a misalinta cikin Risala, ya ce mai jinga ba shi da komai sai aiki ya kammala. Takardar shaidar kuwa haƙƙi ce mai ƙima a al'adar kasuwa, kuma Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta tabbatar da cewa haƙƙoƙin da ba a taɓa su da hannu, irin su sunan kasuwanci da haƙƙin ƙirƙira, dukiya ce da ake ciniki da ita matuƙar babu garari, wato rashin tabbas kan abin da ake ciniki a kai, da yaudara.

Saboda haka sayar da buntunku halal ne, karɓar lada kan zuba gawayi a gona halal ne. Idan gona ta gyaru ta ƙara riƙe ruwa, wannan ƙarin alheri ne.

Inda nake jin tsoro shi ne awo. Mai saye yana Amurka ko Turai, ba zai taɓa ganin gonarku ba, lissafin da aka aika masa kawai yake gani. Duk cinikin ya rataya ne kan amanar mai awo, kuma ku ma kuna cikin masu awon. Idan buhu goma kuka zuba aka rubuta ashirin, ko aka ba manomi gawayi ya kai gida aka dafa tuwo da shi alhali an rubuta yana cikin ƙasa, an sayar da aikin da ba a yi ba. Annabi (SAW) ya sa hannu cikin tarin abinci ya ji jiƙaƙƙe a ƙasa, ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi, kamar yadda Muslim ya ruwaito. Kuɗin da ya zo ta wannan hanya haram ne, kuma sakataren da ya rubuta lambar ƙarya ya fi kowa ɗaukar nauyi. Ba zargi nake yi a banza ba: a 2023 binciken jaridar Guardian da abokan aikinta ya yi iƙirarin cewa fiye da kashi 90 cikin ɗari na wasu takardun shaidar kabon na kare dazuzzuka ba su da rage hayaƙi na gaskiya a bayansu, ko da yake hukumar da ta tantance su ta musanta. Gawayi ya fi daji sauƙin awo tunda ana ɗora shi a sikeli, amma sikeli ma mutum ke karanta shi.

Sai batun takardar da aka kawo muku ku sa hannu. Kada ku sa hannu sai wanda ya san doka ya karanta muku ita da Hausa. A fayyace kuɗin buhu, da lokacin biya, da wanda takardun shaidar za su zama nasa, da yadda za ku fita idan kamfanin ya daina biya, don sababbin kamfanoni da dama ba sa daɗewa. Idan an ce ladanku wani kaso ne na abin da za a samu in an sayar da takardun, ba a san yawansu ba, ba a san farashinsu ba, to wannan lada ne da ba a sani ba, kuma a mazhabar Malik ba ya inganta. Ku nemi a yanke muku sanannen kuɗi, in ya so kamfanin ya ƙara muku kyauta idan ya ci riba. Kuma ƙungiya ba ta da ikon shigar da gonar marayu, ko gonar gādon da ba a raba ba, ko burtali da makiyayar da jama'a suka yi tarayya a cikinta, sai da yardar masu haƙƙi. Sa hannun mai gari ba ya maye gurbin yardarsu.

Wani zai ce ai mai sayen takardar yana saye ne don ya ci gaba da ɓata iska da masana'antunsa. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, ni ma abin yana damuna, ganin cewa Afirka tana cikin masu ƙarancin fitar da hayaƙin amma tana cikin masu shan wahalar fari da ambaliya. Amma laifin mai ɓarna yana wuyansa, kuma aikinku rage ɓarnar yake yi, bai taimaka mata ba. Wannan bai haramta muku kuɗin ba.

Idan akwai masu kiwon kaji ko masu girki da suka dogara da buntun nan a garinku, ku ware musu rabonsu kafin ku ɗaure kanku da kamfanin.

Wallahu a'alam.