Tambayoyinku: Bangon ajin yarona ya tsage, in cire yaron ko in yi haƙuri?

TAMBAYA: Salam Malam, dan Allah shawara nake nema. Yarona yana aji huɗu a wata firamare ta gwamnati a nan unguwarmu, ranar da na bi shi da kuɗin tara da ya manta sai na ga bangon ajinsu ya tsage tun daga kusurwar taga har sama, wallahi har hasken waje kana hangowa ta wajen, silin ma ya rufto ta gefe guda. Na yi wa hedimasta magana ya ce tun bara suka rubuta takarda shiru kake ji. Babansu kuma ya ce in daina tada hankalina, ginin tun yana yaro haka yake. Ni dai in hadari ya haɗo suna makaranta ba ni da sukuni. Wata uwa daga Zariya.

AMSA: Wa'alaikumussalam Hajiya. Gaskiya hankalinki ya kamata ya tashi, kuma maganar Maigida cewa tun yana yaro ginin yake haka ita ce ma ta fi tsorata ni. Da yawan azuzuwan firamaren nan namu an gina su ne lokacin shirin UPE na ilimin firamare kyauta ga kowa da aka fara a 1976, kin ga yanzu sun kai shekara hamsin ko sun kusa, ga ruwa ga rana ga gara, wasu kuma tun da aka miƙa mukulli ba wanda ya sake hawa rufinsu ya duba.

Amma ba kowace tsagewa ce mai hatsari ba. Akwai wadda take kan filasta kawai, siririya kamar gashi, wannan magini zai cike ta a wuce wurin. Wadda kika faɗa daban take. In tsagewa ta tafi a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, ta ratsa bulo har ana hango haske, to yawanci daga ƙasa matsalar take, wato fandisho ne ya zauna ta gefe guda, galibi saboda ruwan da ke zubowa daga kwano yana kwanciya a gindin bango shekara da shekaru ba kwata ba dakali. Ki sa a duba ko ƙofar ajin ta daina rufuwa daidai, ko bangon ya ɗan yi ciki ko ya turo waje. In akwai bim ko rufin kankare a duba ko rodi ya fito ya yi tsatsa siminti yana ɓarewa, domin rodi in ya yi tsatsa kumbura yake ya fasa kankaren daga ciki. Silin da ya rufto kuma ko yoyo ne ya ruɓar da katakon ko gara ta cinye shi, kuma katakon da gara ta ci daga waje lafiya lau za ki gan shi, sai an soka masa ƙusa ta shige kamar cikin burodi. Irinsa ne iskar farkon damina ke yaye wa kwano.

Abin da za a fara yi tun kafin maganar kuɗi, a fitar da yaran daga ajin nan. Ko a haɗa su da wani aji ko a raba safe da yamma ko ma gindin bishiya na ɗan lokaci. Na san malamai ba sa son haka, cunkoso ne da wahala, amma ki tuna abin da ya faru a Jos ranar 12 ga Yulin 2024, benen makarantar Saints Academy a unguwar Busa Buji ya rufta da safe ɗalibai na ciki, mutum 22 suka rasu, sama da ɗari suka jikkata.

Sai ki nemi iyaye ko biyar ne ku je wajen shugaban SBMC, wato kwamitin al'umma mai kula da makarantar, ku tafi da mai unguwa in zai yiwu. Ku ɗauki hoto da waya, a ja layi da biro a ƙarshen tsagewar a rubuta kwanan wata, bayan sati biyu a koma a gani ko ta wuce layin, in ta wuce to ginin motsi yake har yanzu. Takarda ta je wa sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, kwafi ya je SUBEB, wato hukumar ilimin matakin farko ta jiha, ku tabbata an buga muku hatimin karɓa a kan naku kwafin, kuma ku nemi a turo injiniya ya duba, kar a tsaya a kan ɗan kwangila kawai. Kar ku ji kamar roƙo kuke. Dokar UBE ta 2004 ta ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin ilimin matakin farko, jiha ce kawai sai ta ajiye nata rabin kafin UBEC, hukumar tarayya mai riƙe da kuɗin, ta sakar mata, kuma akwai jihohin da ke barin kuɗin nan a Abuja shekaru ba su ɗauka ba, abin nan yana min ciwo ƙwarai.

Abu ɗaya nake roƙonku, kar ku yarda a zo a shafe tsagewar da siminti a buga fenti a ce an gyara. In fandisho ne ya zauna sai an tone an ƙarfafa shi ko a rushe bangon a sake. In kuma silin ɗin irin tsohon nan ne na asbestos kar a bar yara su share ɓaraguzansa, ƙurarsa na illa ga huhu. Shi kuwa yaronki, in har aka ƙi sauya musu aji, ki je ki nemi a mayar da shi wani ajin da kanki.

TAMBAYA: Malam mu nan ajinmu na zana da kara ne, ba ma ginin da zai tsage. Me za mu yi? Wani malami daga jihar Maraɗi.

AMSA: Malam Allah ya saka da alheri, naku hatsarin wuta ne kuma kun fi ni sani, a Nuwamban 2021 yara aƙalla 25 suka rasu a irin ajin nan a Maraɗi, kafin nan a Afrilun shekarar wasu 20 a Yamai, har gwamnati ta hana sa ƙananan yara 'yan share fage a cikinsu. Kafin a samu gini, ku zauna da COGES, wato kwamitin kula da makarantarku, a bar tazara mai kyau tsakanin rumfa da rumfa, kowace a yi mata mafita biyu, masu tuyar ƙosai da awara su matsa can bayan katanga, a share ciyawa a ajiye bokitin yashi da ruwa a bakin kowane aji. Mafi ƙanƙantar yara kuma su za a fara bai wa ajin da aka gina ko da guda ɗaya ne a makarantar.