Wane jirgi za mu hau daga Aswan?

Malam, ka ce kai da iyali za ku je Masar, kana son sanin ko ku hau babban jirgin ruwa a kogin Nilu daga Aswan zuwa Luksor ko ku tsaya a kwale-kwale mai tafiya da iska, wanda suke kira faluka.

Tun da akwai yara, ni dai babban jirgi zan ce. Daga Aswan yawanci kwana 3 ne, daga Luksor kuwa kwana 4. Yana tsayawa a Kom Ombo, inda akwai gawawwakin kadoji da aka busar tun zamanin Fir'aunoni, sai Edfu, sannan a ratsa ƙofar ruwa ta Esna, wato wurin da ake daidaita tsayin ruwa don jirgi ya wuce madatsa. A nan 'yan kasuwa ke matsowa da ƙananan kwale-kwale, su riƙa jefo jallabiyoyi a cikin leda har saman jirgi, ana ciniki da ihu. Kafin ka biya, tambayi inda ɗakinku yake. Na ƙasa kusa da inji ba ya barin mutum barci, kuma a tasha jiragen kan jeru gefe da gefe, sai tagarka ta koma kallon tagar wani.

Faluka kuwa yawancinsu ba su da banɗaki. Ku ɗauke ta awa ɗaya ko biyu bayan La'asar, ku zaga tsibirin Elefantin, amma a gama ciniki tun a bakin ruwa.

Kada ku yi gaggawar barin Aswan. Tsohuwar kasuwarta da ƙauyukan Nubiyawa sun isa yini guda. Ku je tsakanin Nuwamba da Fabrairu, don zafin Yuni can kan wuce digiri 40.