Hoton muƙamuƙi kafin dashen haƙori: dole ne ko tatsa?

Tambaya: Shekara uku ke nan da aka cire min turame biyu na ƙasa. Ina so a yi min dashe, likita ya ce sai na yi hoton CBCT, alhali na riga na yi OPG, ga shi ya fi tsada. Anya ba kuɗina ake nema ba? (Wata uwa daga Gwammaja)

Amsa: Hajiya, a wannan kam ina bayan likitanki. OPG shimfiɗaɗɗen hoton X-ray ne na muƙamuƙi, yana nuna tsayin ƙashi amma ba ya nuna kaurinsa; CBCT kuwa hoton X-ray ne da ke nuna har da kaurin. Ƙashi kuwa da an cire haƙori sai ya fara ramewa, kuma ta gefe yake fi motsewa. Bayan shekara uku, wurin da ya fito cike a OPG yana iya zama siriri.

Ga babban abin tsoron: akwai jijiya kwance cikin muƙamuƙin ƙasa, ita ke sa ki ji leɓenki da haɓarki. Dashe ƙusa ce ta titaniyom da ake murzawa cikin ƙashi. In ta taɓa jijiyar nan, leɓe kan mutu na watanni, wani ma har abada. Na'urar CBCT na zagaya kai, kwamfuta ta yanka hoton sala-sala, likita ya auna tazarar da milimita kafin ya ɗauki abin huda. Ɗaukar ba ta kai minti ɗaya ba, sai dai a sa ki cire 'yan kunne da sarƙa, kada kuma ki motsa. In kina da juna biyu ki faɗa tun a ƙofa, don hasken X-ray ɗinsa ya fi na OPG, ko da yake yawanci bai kai na babban sikanin asibiti ba.

Kafin ki biya, tambayi ko za a iya ɗaukar gefen giɓin kaɗai. Ki kuma karɓi hoton a faifai ko filashi, ba takarda kawai ba. In zuciyarki ba ta kwanta ba, kai shi sashen haƙori na Asibitin Malam Aminu Kano a sake dubawa.

Tambaya: Turmina na ƙarshe ya fito a kwance, za a cire. Ni ma sai CBCT? (Wani daga Kurna)

Amsa: Malam, fara da OPG. Sai in saiwar ta fito kamar ta hau kan hanyar jijiya za a buƙaci CBCT. In akwai rata, riƙe kuɗinka.