Filin Tambaya da Amsa: Man kanumfari na ƙara wa kajin burola girma?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Ina kiwon burola guda 200 a bayan gidana, wannan ne zubi na uku. Maƙwabciyata ta ce in daina ba su antibayotik, in riƙa ɗiga musu man kanumfari da na kirfa a ruwan sha, wai suna saurin girma kuma ba sa zawo. Har ta ce ko rigakafi ba sai na yi ba. Da gaske ne? Daga mai kiwo a Funtuwa.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya sa wa kiwo albarka. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar maƙwabciyarki, amma batun barin rigakafi, don Allah kada ki ɗauka.

Tun shekarar 2006 Tarayyar Turai ta hana zuba antibayotik a abincin dabbobi don ƙiba kawai, saboda ƙwayoyin cuta suna sabawa da maganin har ya daina ci a jikin mutane. Daga nan masana suka duƙufa neman madadi, suka faɗa kan man da ake tatsowa daga tsirrai masu ƙamshi, irin su kanumfari, kirfa, tafarnuwa da tayim ɗin da kike sa wa miya. Kin san yadda kanumfari ke kashe zafin haƙori, ya bar harshe da raɗaɗi? Wannan sinadarin, yujinol, shi ne ke huda fatar wasu ƙwayoyin cuta a hanjin kaza. Man kuma yana motsa ruwan narkar da abinci, sai kaza ta fi cin moriyar abin da ta ci. Sai dai gwaje-gwajen ba su zo da baki ɗaya ba. A wasu an ga ƙarin nauyi kaɗan, a wasu kuwa ba a ga komai ba.

Inda na fi jin tsoro shi ne awo. A yawancin gwaje-gwaje, abin da ake sawa bai wuce giram 100 zuwa 300 a tan guda na abinci ba. Idan kika lissafa, buhu mai kilo 25 kusan ƙaramin cokalin shayi ɗaya ne rabonsa. Cakuɗa cokali guda a buhu har ya game ko'ina ba wasa ba ne. Sai an fara murza shi a ɗan kwano na abinci, a juye a mudu, sannan a buhu. Ga shi zafi na sa ƙarfinsa ya tashi ya bi iska, shi ya sa kamfanoni ke lulluɓe shi su mai da shi gari.

Ruwan sha kuwa, mai ba ya haɗuwa da ruwa. Na taɓa shiga wani ɗakin kaji a tsakiyar bazara na tarar da man yana yawo a saman mazubin ruwa kamar idon miya. Waɗanda suka fara kai baki sun sha da zafinsa, sauran sun ja da baya suna haki, baki buɗe, ga ƙishirwa ga ruwa a gabansu. Kazar da ba ta sha ba, ba ta ci. Kuma kada ki kuskura ki yi amfani da man da ake sayarwa don haɗa humra ko turaren wuta, yawancinsa gauraye yake da abin da ba na ci ba. Nemi wanda aka yi don kaji, mai lambar NAFDAC, ki bi awon da ke jikinsa.

Cutar Gumboro da cutar Newcastle da ake yi wa rigakafin Lasota, babu man da ke tare su. Ki yi rigakafinsu a kan lokaci, kuma ranar rigakafi ki ba da tsabtataccen ruwa ba tare da wani haɗi ba. In kin ga jini a kashinsu, kira likitan dabbobi a ranar.

In kina son ki gwada, raba zubi na gaba gida biyu, ɗari nan, ɗari can, abinci iri ɗaya, shimfiɗar ɓuntu busasshiya a duka. Ki ba ɓangare ɗaya man. Duk mako ki ɗora goma daga kowane ɓangare a sikeli, ki rubuta nauyinsu da buhunan da suka ci. A mako na shida ki haɗa da kuɗin man, ki aiko mini da lissafin mu duba tare.