Me Cajal ya tsinana wa kimiyyar Sifaniya?

Ɗan'uwa daga Gusau, ka tambaya yadda mutum ɗaya, Santiago Ramón y Cajal, ya ɗaga kimiyyar ƙasarsa.

Shi ya nuna cewa ƙwayoyin jijiyar ƙwaƙwalwa a rarrabe suke, ba saƙar taru ba. Da hannu yake zana su, reshe-reshe kamar kuka a rani. Ya ci kyautar Nobel a 1906. Amma ni a ganina babban aikin daga 1907 ya fara, da ya shugabanci hukumar tura matasa karatu waje.

Kada ka rubuta cewa shi ya ƙirƙiro rinin azurfar nan da ake rina ƙwayoyin jijiya da shi don a gan su a madubin likita. Na Camillo Golgi ne, wani masani ɗan Italiya; Cajal inganta shi ya yi. In aikin makaranta ne, nuna wa malaminka na anatomi tukuna.