Bayan an cire haƙori: amsoshin likita ga tambayoyinku

Likita, jiya da yamma aka cire mini turmi, har yanzu ina ganin jini a miyauna. In koma asibiti?

Malam, ɗigon jini kaɗan ya isa ya rina miyau mai yawa, don haka miyau mai ja-ja a cikin awa 24 na farko ba abin tashin hankali ba ne. Jinin da ke kwarara yana cika baki shi ne abin dubawa. Ka ninke bandeji mai tsabta, ka ɗan jiƙa shi, ka ɗora daidai kan ramin, ka cije da ƙarfi na minti 30 kana zaune. Inda mutane ke kuskure shi ne cire bandejin kowane minti biyar don su leƙa, kuma duk leƙe ɗaya yana ɓalle jinin da ya fara daskarewa. In ka yi haka sau biyu bai tsaya ba, ka koma. Mai shan maganin tsinka jini irin warfarin kuwa, tun kafin a taɓa haƙorin ya kamata likita ya sani.

Kwana biyu na samu sauƙi, a rana ta uku ciwo ya dawo fiye da na da, yana harbawa har kunne, ga wari. An bar guntun haƙori ne?

Ba lallai ba. Abin da kika kwatanta ya fi kama da bushewar rami. Da zarar an cire haƙori, jini yana daskarewa a ramin ya zama gudan da ke rufe ƙashi da jijiyoyi, a kansa sabon nama ke tsirowa. In gudan ya fita ko ya narke da wuri, ƙashi ya zauna a buɗe, iska da abinci suna taɓa shi. Yawanci tsakanin rana ta 2 da ta 4 ciwon ke tasowa, kuma ya fi samun turamen ƙasa.

Me ke fitar da gudan? Kurkure baki da ƙarfi a ranar farko, yawan tofar da miyau, zuƙar abin sha da bututu, tsokanar wurin da harshe ko tsinke, sai kuma taba sigari, wadda ta fi su duka ɓarna, domin ga zuƙa ga rage gudun jini a dasashi. Mai shan taba ya haƙura aƙalla awa 72.

Maganin kashe ƙwayoyin cuta ba ya gyara wannan, kada ki ɓata kuɗinki a kansa. Ki koma wurin likitan haƙori ya wanke ramin, ya sa magani a ciki, galibi mai sinadarin man kanumfari. Sauƙi kan zo cikin awanni kaɗan, kodayake wani lokaci sai an sake sawa.

Yaushe zan fara wanke baki, kuma wane magani zan sha?

Bayan awa 24. Rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofi ɗaya na ruwan ɗumi, ka guntsa, ka juya kai a hankali, ka buɗe baki ruwan ya zuba da kansa. Sau 3 zuwa 4 a rana, musamman bayan cin abinci, har mako guda. Sauran haƙora ka ci gaba da goge su, ka kauce wa ramin kawai.

Babban mutum zai iya shan farasitamol miligiram 1000 duk awa 6, kada ya wuce 4000 a rana. Ibuprofen miligiram 400 yana taimaka wa kumburi, amma ba ga mai gyambon ciki, ciwon ƙoda ko juna biyu ba. Kada a sha asfirin don ciwo, yana ƙara zubar jini. Kuma kada ka ci komai mai zafi sai allurar kashe zafi ta sake ka, bayan awa 2 zuwa 4. Da yawa sun ciji leɓe ko sun ƙone harshe ba su ji ba.

Kumburi yana kai maƙura a rana ta 2 ko ta 3 sannan ya fara sacewa. Ƙanƙara a cikin tsumma a kan kunci, minti 15 a ɗauke, tana rage shi a ranar farko. In ya ci gaba da ƙaruwa, ga zazzaɓi, ko haɗiya da numfashi sun fara wuya, a tafi asibiti a lokacin, ko da tsakar dare ne.

An ce cire haƙorin sama yana kashe ido.

Ba gaskiya ba ne. Jijiyar gani daban take da jijiyoyin haƙora. Abin da ke maƙwabtaka da saiwoyin turamen sama shi ne kogon iska na gefen hanci, shi ya sa ake cewa kada a fyace hanci da ƙarfi na kwanaki bayan cire su.

Ina da ciki wata biyar, haƙori ya hana ni barci. In jira sai na haihu?

Kada ki jira, 'yar'uwa. Wata na 4 zuwa na 6 shi ne lokacin da ya fi dacewa da aikin haƙori ga mai juna biyu, kuma allurar da ake yi a dasashi ba ta cutar da jariri. Ruɓaɓɓen haƙori mai tara mugunya ya fi cirewar haɗari. Ki sanar da likita watannin cikin da duk maganin da kike sha kafin ki hau kujera.